Kalandar Kawu da Injin Lamba Bakwai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min komai, da shekarar da na sa adireshin intanet a kalandar kawuna. Har yau in na shiga shagon wani na ga kalanda a rataye, ƙasanta idona yake fara zuwa, in duba ko akwai wani bawan Allah da ya yi irin aika-aikar da na yi. Ban samu abokin tarayya ba tukuna.

Lokacin nan siber ta fara yawa a Garwa, wato shagunan nan da ake jera kwamfutoci, mutum ya shiga ya yi awa ɗaya ko biyu a intanet. Ni kuwa ban daɗe da gama kwas ɗin infomatik, wato koyon kwamfuta, na wata uku ba. An ba ni takardar shaida mai hatimi har biyu, na kai aka sa mata gilashi. (Abin da aka koya mana bai wuce buga wasiƙa da kashe inji ba tare da an fizge waya daga bango ba, amma wa ya sani?) A gidanmu da layin 'yan atamfa kaf babu mai irin wannan takarda, saboda haka sunan da aka raɗa min ya ɓace, na koma Injiniya. Ni kuma ban taɓa cewa a'a ba. Ko rediyo aka kawo min sai in karɓa in jujjuya ta, in ce a bar min ita kwana biyu.

Wanda ya fi kowa jin daɗin kiran sunan nan shi ne Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Kakanninmu fatake ne da suka gangaro daga Kano, suka ga wuri suka zauna, kuma har yau atamfa da shadda gidan yake sayarwa. Da na ce ina son kwas ɗin, dangi suka yi ca, wai ɓata lokaci ne, a zaunar da ni a shago kamar kowa. Kawu kaɗai ya tsaya min. Ya ce, "Ku ƙyale shi, zamani riga." Tun daga ranar duk inda ya zauna sai ya sako zancena. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya san da mutuncin wa na yi wasa.

A kasuwarmu akwai wata al'ada. Duk ɗan kasuwar da ya isa, in sabuwar shekara ta zo, sai ya buga kalanda: hotonsa cikin babbar rigar da ta fi kowace aiki, yana zaune riƙe da kan tarho kamar yana magana da Dubai, ga sunan shago, ga lambar waya a ƙasa. Ana raba wa abokan ciniki, su tafi da ita Gider da Poli da Marwa, har Kusseri. Ba don duba rana ake yi ba, kowa ya san ranar Juma'a. Don a san kana nan ne.

To, Kawu yana da aboki a Kusseri, Alhaji Mahamat. Sun fi shekara talatin suna ciniki tare, suna kuma gasa da juna a kan komai, daga mota har tsawon gemu. A shekarar da ta gabata Alhaji Mahamat ya aiko da kalandarsa, a ƙasanta an rubuta adireshin imel. Kawu ya rataye ta a shago saboda zumunci, ya kuma yi wata goma sha biyu yana hararar wannan layi ɗaya.

Wata rana ya kira ni, ya nuna layin da sandarsa.

"Injiniya, mene ne ya fi wannan abin na Mahamat?"

Na ce, "Shafi, Kawu. Shi nasa akwatin wasiƙa ne kawai. Shafi kuwa shago ne sukutum a cikin intanet. Mutum yana zaune a Njamena ko Makka, ya buga adireshi, sai ga atamfofinka a gabansa."

"Ka iya?"

Nan ne ya kamata in ce ban iya ba. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Kawu, wannan ai ƙaramin abu ne."

Siber ɗin da nake zuwa tana Jambutu, wata mata 'yar kudu ce take riƙe da ita, Madam Odil. Injina goma ne, kowanne da lambarsa a manne. Ni lamba bakwai ce tawa, ba don komai ba sai don ita ce daidai ƙarƙashin fanka, kuma duk wanda ya san zafin Garwa ba zai zarge ni ba. In na zo na tarar da wani a kai, gara in jira.

A nan na yi aikin. Na buɗe abin da aka koya mana buga wasiƙa da shi, na rubuta sunan shago da manyan baƙaƙe jajaye, na jera hotunan atamfofi, na sa hoton Kawu a sama. Da na zo adanawa sai na ga wani zaɓi da ya ce a adana shi a matsayin shafin intanet. Na danna. Na buɗe shi, sai ga shi ya fito a cikin tagar nan da ake shiga intanet da ita, Kawu yana murmushi riƙe da tarho. A can sama kuma, inda adireshi yake zama, ga wani dogon layi: file:///C:/Poste7/Bureau/kawu.htm. Wallahi sai da na waiga in ga ko wani ya ga abin da na yi. Na kwafe layin a takarda, baƙi bayan baƙi.

Kada a ce ban gwada ba. Na gwada. Mako biyu kullum sai na zo na buga adireshin, kullum kuma sai ya buɗe. A lamba bakwai, mana, a ina kuma zan zauna?

Da na kai wa mai buga kalanda, dattijo ne mai tabarau, ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce duk waɗanda ya taɓa bugawa da www suke farawa, wannan fa? Na yi masa irin murmushin da ake yi wa wanda aka bari a baya, na ce, "Baba, wancan tsohon yayi ne." Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. (Allah ya ji ƙansa. In da zan iya komawa wannan ranar, da na rufe bakina da hannu biyu.)

Kalanda ta fito, ta yi kyau ƙwarai, adireshin kuwa Kawu ya sa an yi shi da launin zinariya. Aka raba. Ba a yi mako biyu ba wani abokin ciniki daga Gider ya ce ɗansa ya gwada, bai buɗe ba. Na ce ai reso ɗin Gider ne, wato sabis ɗin intanet na can, ba shi da ƙarfi. Wani daga Poli ya faɗi haka, na ce, "Poli ma har intanet gare ku?" Aka yi dariya, mutumin ya ji kunya ya yi shiru. Wannan dariyar ma na biya ta daga baya.

Sai ranar wata Litinin Kawu ya ce min Alhaji Mahamat zai sauka Garwa ranar Asabar, kuma bayan la'asar zai kai shi siber ya ga shafin da idonsa, tare da wasu dattawan layi. Ya faɗi haka yana shafa gemu, fuskarsa kamar ta yaron da aka ɗinka wa kayan Sallah.

Ranar Talata na tafi in ƙara hoton wata shadda. Na tarar da wata mata a lamba bakwai tana buga doguwar wasiƙa da yatsa ɗaya, ba alamar za ta gama kafin magariba. Dole na zauna a lamba uku. Na buga adireshin. Injin ya ce bai sami shafin ba. Na sake bugawa a hankali. Haka dai. Na koma lamba huɗu, na koma biyar. Zufa ta karyo min, kuma wannan karon ba zafin gari ba ne.

Na je wurin Madam Odil, na miƙa mata takardar, na ce injinanta uku sun lalace. Ta karanta layin, ta ɗago ta dube ni, ta sake karantawa. (Faransanci muke yi da ita, in ya tsaya mata ta haɗa da Fulatancin kasuwa. Zan faɗa da Hausa.)

Ta ce, "Mon frère, wannan ba adireshin intanet ba ne. Ka ga wannan C ɗin? Ma'anarta cikin injin da kake zaune a gabansa. In ka buga wannan layin, injin ba ya fita ko'ina, cikin kansa yake lalubawa. Lamba bakwai ta laluba ta samu, saboda a cikinta ka ajiye. Lamba uku ta laluba ba ta samu ba."

Na ce, "Amma ai a tagar intanet yake buɗewa."

Ta ce, "Taga kawai ce. Adireshi na gaske sunan gida ne da aka yi wa rajista, duk duniya an san hanyarsa. Shafin kuma sai an kai shi an ajiye a wani babban inji da ba a kashewa, sannan a haɗa sunan da injin. Kai abin da ka yi kamar ka rubuta a bayan ambulan ne: ƙarƙashin gadona. Duk wanda ya karanta, nasa gadon zai leƙa."

Na tambaye ta ko za a iya gyarawa kafin Asabar. Ta ce ko an yi rajistar suna yau, sunan dabam zai zama, wannan layin ba zai taɓa kai kowa ko'ina ba. Sai ta ce, "Ba dai ka riga ka ba wa mutane ba?"

Na ɗaga kai. A bangon bayanta, saman teburinta, kalandar Kawu ce a rataye, ni da kaina na kawo mata. Ta bi idona ta juya. Ta sa hannu ta rufe baki, ta ce, "Mon Dieu." Sannan ta ce in je in gaya wa tsohon yau ɗin nan, tun kafin dare ya yi mana.

Shawara ce mai kyau, kuma na yi niyyar bi. Laraba na je shago da maganar a bakina, na tarar Kawu yana nuna wa wasu mata layin zinariyar yana cewa, "Ɗana ne ya yi, har a Makka ana ganinmu." Na juya na fita. Alhamis muna cin abinci, na ce, "Kawu," ya ce, "Na'am, Injiniya," sai na ce miyar ta yi daɗi. Tuwon ma loma biyu na yi na tsame hannu. Mahaifiyata ta ce ko zazzaɓi ne, ta dafa min ganye, na shanye ban musa ba, don ina ganin na cancanci ɗacin.

Tsoro nake ji, gaskiya ke nan. Ba tsoron faɗa ba, Kawu ba mai faɗa ba ne. Tsoron in ga fuskarsa lokacin da zai gane cewa dangi sun fi shi gaskiya a kaina. Ranar Juma'a a masallaci, mutane suna roƙon lafiya da arziki, ni ina roƙon Allah ya sa a ɗauke wuta ranar Asabar da la'asar. A garin da ake ɗauke wuta ba tare da kowa ya roƙa ba, ban ga na nemi abu mai wuya ba.

Daga ƙarshe na tsaya a kan dabara: tunda yana buɗewa a lamba bakwai, a lamba bakwai za a gani. Alhazai ne, me suka sani? Su kalla, su ce masha Allahu, kowa ya kama gabansa. Asabar tun azahar na je na zauna a kan injin na kama wuri. Madam Odil ta dube ni ta ce, "Ka gaya masa?" Na ce an daidaita komai.

Bayan la'asar motar Kawu ta tsaya. Wuta kuwa tana nan daram, fanka tana juyi kamar da gayya. Alhazai biyar suka shigo cikin manyan riguna, ƙamshin turare ya cika wurin, samarin da ke kan sauran injina suka shiga rufe abin da suke kallo. Na taso da sauri na durƙusa na gaishe su, ina nuna musu hanyar lamba bakwai.

Abu biyu ne ban sa a lissafina ba. Na farko, Alhaji Mahamat mutum ne mai jiki, ga ciwon gwiwa, saboda haka kujerar farko da ya tarar a bakin ƙofa, lamba ɗaya, a kanta ya zube yana cewa alhamdu lillahi. Na biyu, ashe imel ɗin nan na kalandarsa ba ado ba ne, da kansa yake rubuta wa masu aiko masa da kaya. Ya zaro kalandar Kawu a naɗe daga hammata, ya warware, ya gyara tabarau, ya fara buga adireshin.

Na ce, "Alhaji, da mun ƙarasa can, akwai fanka."

Ya ce, "Bar ni nan, ɗana. Intanet ai ɗaya ce ko'ina."

Na tsaya a bayansa ina kallon baƙaƙen suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin mutum mai buga rubutu daidai kamar wannan tsohon ba, ko kuskure ɗaya bai yi ba da zan fake da shi. Ya danna. Farin allo, da ɗan rubutun nan na ba a samu ba.

Ya ce, "Mafi," wato babu, da Larabcinsu na can.

Na ce wannan injin yana da nauyi, mu je lamba bakwai. Aka taimaka masa ya miƙe, aka rankaya. Na buga, sai ga Kawu ya fito da tarhonsa. Dattawa suka ɗauki salati da masha Allahu, ɗaya yana cewa "Boɗɗum, boɗɗum!" wato ya yi kyau. Kawu ya dafa kafaɗata, ya dubi abokinsa ya ce, "To, Mahamat, ka ga shago?" Na ce a raina na sha.

Alhaji Mahamat kuwa sai ya ja kujerar lamba shida, wadda ke manne da tawa, ya zauna, ya sake bugawa. Mafi. Ya dubi allona, ya dubi nasa, ya ce, "Ikon Allah. Ga su kafaɗa da kafaɗa, waya ɗaya ce ta shiga duka biyun. Me ya sa wannan ya san shagon, wannan bai sani ba?"

Kowa ya juyo gare ni. Da na yi shiru ma da ya fi. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ɗaga murya na ce, "Ai injinan wurin nan ne duk sun tsufa, Alhaji. Wannan kaɗai ne mai kyau. Na sha gaya wa Madam ta gyara."

Na ji ƙarar kujera a bayana. Madam Odil ta miƙe. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ihu ma da an ce fushi ne. A hankali ta faɗa, da Fulatanci, don kada wani dattijo ya rasa ko kalma ɗaya:

"Injinana lafiyarsu ƙalau. Shafin ba ya cikin intanet, a cikin lamba bakwai kawai yake. Na yi maka bayani tun ranar Talata, na ce ka gaya wa babanka."

Hannun Kawu ya sauka daga kafaɗata.

Alhaji Mahamat ya cire tabarau, ya ce, "Tsaya in fahimta, ɗana. Wato mutumina na Njamena in yana son ganin atamfar kawunka, sai ya ƙetare gada, ya hau mota zuwa Marwa, ya sake hawa zuwa Garwa, ya ɗauki moto zuwa Jambutu, ya jira a tashi daga lamba bakwai?" Ya mayar da tabarau. "To ai in ya zo nan, gara ya ƙarasa shagon ya taɓa da hannunsa."

Dariyar da aka yi har masu moto, wato 'yan acaba na bakin titi, sai da suka leƙo. Ɗaya daga cikin dattawan sai da ya riƙe bango. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma siminti ne. Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗauki kalandar daga kan tebur ya naɗe ta a hankali, ya je ya ba Madam Odil haƙuri a madadina, ya ce da baƙinsa su zo a tafi, abinci yana jira.

Bai yi min magana ba sai washegari da hantsi, bayan an raka Alhaji Mahamat. Mu biyu ne a zaure. Na durƙusa na fara kame-kame, cewa ba a koya mana wannan a kwas ba, cewa ni ma ban sani ba. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Rashin sanin bai dame ni ba. Ni ma na taɓa sayo shaddar da ta zuba a wankin farko. Amma tun Talata ka sani. Ka zauna ka ci tuwo da ni Laraba, ka ci Alhamis, ka ci Juma'a, sannan ka bar ni na ɗebi abokina da gemuna na kai shi." Sannan ya ce, "Da ka faɗa min ranar, da kunyar tamu ce mu biyu."

Na yi kuka, ƙato da ni, kuma ba na jin kunyar faɗa, don wadda ta fi ta ma na riga na faɗa. Kawu ya yafe min, amma sai da aka yi watanni kafin ya daina sa wani ya sake duba duk abin da na ce na gama. Wannan ya fi min dariyar alhazai ciwo. Su kuwa 'yan layi, suna ya samu. Daga Garwa har Kusseri na zama Lamba Bakwai, kuma ga shi yau ina da furfura, 'ya'yana suna jin dattawa suna kirana da shi, suna zaton wani muƙami ne na ƙwallo.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. In abu yana yi maka aiki kullum, tashi ka canza kujera ka gwada, ko da babu fanka a can. In kuwa ka gano ka tafka kuskure ranar Talata, to ka faɗa ranar Talata. Ni na jira Asabar, kuma Asabar da baƙi take zuwa.